Faifai Cikin Faifai

In dai ka taɓa bi ta bakin tashar jirgin Ƙauran Namoda, to ka ga shagon Mudi, ko da ba ka gane shago ba ne. Faɗinsa bai fi na akurki ba, amma allon da ya kafa a samansa ya fi ƙofar tsawo, an rubuta da jan fenti: KAMFANIN MUDI NA ƘASA DA ƘASA. Aikin kamfanin shi ne tura wa mutane waƙoƙi a memori, sai wasu tsofaffin kaset-kaset da ya jera tun zamanin da ake yayinsu, rana ta cinye hotunan jikinsu har ba a bambance mawaƙi da mai wa'azi. Mudi ya taɓa zuwa Legas sau ɗaya, rakiyar shanun wani, ya kwana huɗu a bayan mota. Daga wannan tafiyar ya samo duk ilimin da ya shekara ashirin yana raba wa mutanen Ƙaura ba su tambaye shi ba.

Maƙwabciyarsa ta dama Maimunatu ce mai suyar waina, wadda ta daɗe da daina mamakinsa. Na hagu kuwa Faruku ne mai buga takardu da hotuna, mutum mai ƙarancin magana.

Wata Talata da hantsi wani dattijo ya sauka daga kabu-kabu a ƙofar shagon, rungume da jakar leda kamar mai ɗauke da ƙwai. Jafaru ke nan, makaɗin gangar noma daga Zurmi. Shekara talatin da huɗu yana bin gayya gona-gona, yana kiɗa manoma suna zuba ƙarfi. Da ya ji maƙogwaronsa ya fara gajiya, sai ya sayar da sansa guda ɗaya tilo, ya tafi Gusau aka ɗauki muryarsa, waƙa takwas, aka zuba masa a faifai ɗari biyu. Haka aka ba shi su tsirara, a jere a kan tsinke ɗaya. Nan da kwana tara za a ƙaddamar da su a Shinkafi ranar kasuwa, kuma Alhaji Abbati, babban ɗan kasuwar hatsi, shi ne zai buɗe na farko a gaban jama'a.

Bayan sun gaisa Jafaru ya ce, "Malam Mudi, an ce mani kana da gidan faifai, wanga na roba da aka buɗewa awa littafi. Ɗari biyu nika so. In babu, ko ambulan na takarda ya isa."

Mudi ya jingina da bango ya dube shi da tausayi. "Baba Jafaru, shekara nawa kana kiɗi?"

"Talatin da huɗu."

"Shekara talatin da huɗu, ka tura su cikin ambulan awa takardar sammaci? Gidan roba ko, faɗuwa ɗaya shika yi haƙoran tsakiya su zube. Leda kuma ta masu talla bakin titi ta. Da nit tai Legas na gani da idona, can ba waƙa aka saye ba, riga aka saye. Mutum na hango rigar faifai, hannunai shi tai aljihu shi kaɗai."

"Ni dai abin da za a miƙa ma Alhaji shi riƙa ba a ji kunya ba."

"Bar mani su. Za ni yi masu rigar da ba a taɓa gani ba daga nan har bakin iyaka."

Maimunatu ta ɗago daga kan tanda ta ce, "Baba, in kana son faifanka, ɗauki abinka ka tai kasuwa, ambulan na nan birjik."

"Maimunatu, juya wainarki, tana ƙonewa."

"Wainata ba ta taɓa ƙonewa ba. Kai ko rediyon da ladan ya ba ka gyara bara, har yau Faransanci kaɗai taka kamawa."

Jafaru ya dubi wannan, ya dubi wancan. Mutum ne da bai saba musu da wanda ya je Legas ba. Ya ajiye jakar a kan tebur, ya shafa ta sau ɗaya, ya hau kabu-kabu ya koma.

Dabarar farko ta gwangwani ce. Mudi ya shiga kasuwa wurin Auwalu, maƙerin da ke yin mazurari da fitilu da tsofaffin gwangwanaye, ya ce a ƙera masa ƙananan akwatuna masu murfi, kowane faifai da nasa.

Auwalu ya ce, "Bar mani guda in auna."

Mudi ya ware yatsu biyu a iska. "Ga awo nan."

"Hannunka na motsi."

"Idona ya fi tef, Auwalu. Kai dai yanka."

Bayan kwana biyu aka kawo guda ashirin na gwaji, wani jikinsa hoton saniyar madara, wani na tumatir. Mudi ya jera su a ƙofar shago ya kira maƙwabta su zo su ga aiki. Ya ɗauko faifai ya saka, ya ƙi shiga. Ya juya shi, ya ƙi. Akwatin ya gaza da kusan faɗin yatsa guda.

"Ka gani ko," in ji Mudi. "Mutanen Gusau ba su san aiki ba. Sun yi faifan da girma."

Ya aro almakashi wurin tela, ya ce zai ɗan rage bakin faifan kaɗan, wai ai waƙar tana can tsakiya, gefen banza ne. Almakashi na kamawa, faifai ya tsage gida biyu. Ya ce wancan dama mai rauni ne, ya ɗauko wani. Sai da bakwai suka tsage, bakin gwangwani kuma ya yanke shi a babban yatsa, sannan ya yarda ya mayar wa Auwalu guda ɗaya ya faɗaɗa. Wannan karon faifai ya shiga. Mudi ya rufe, ya ɗora a kan tebur a tsakiyar rana don masu wucewa su gani, ya tafi sallar azahar, ya tsaya a ƙofar masallaci yana ba mutane labarin yadda harkar waƙa za ta canja a Zamfara. Da ya dawo gwangwanin ba ya taɓuwa don zafi. Ya sa gefen riga ya buɗe, ya tarar faifan ya lanƙwashe kamar kunnen tunkiya.

Maimunatu ta leƙo ta ce, "Da ka faɗi tanda kaka so, da na ara maka tawa."

Mudi ya juyo wajenta. Idonsa yana kan hannunta, don a lokacin ne ta ɗauko faifan kaba mai zanen ja da kore ta rufe kwanon waina da shi. Mudi ya ƙura masa ido, bakinsa yana motsi. Can ya miƙe tsaye a hankali, yatsansa naɗe da tsumma.

"Maimunatu, mi sunan abin ga da kika rufe waina da shi?"

"Yau kuma sunan faifai ka manta?"

"Faifai. Wanga ko, na waƙa, mi sunanai?"

"Faifai."

"To. Faifai cikin faifai. A saƙa ƙanana biyu na kaba, a sa na waƙa tsakani, a ɗinke. Gargajiya waje, zamani ciki. Ko Legas ba su yi wanga tunani ba."

"Sun yi hankali," in ji Maimunatu.

Kafin la'asar duk layin tasha ya ji labari, don Mudi bai bar mai shayi ba, bai bar masu faci ba. Har wani fasinja da ya tsaya tambayar hanyar Gusau sai da aka zaunar da shi aka yi masa bayani.

Saura hoto. Mudi ya shiga wurin Faruku da hotuna biyu, ɗaya na Jafaru da gangarsa, ɗaya nasa da baƙin tabarau, ya dafa wata mota da ba tasa ba. Ya tsaya a bayan Faruku yana nuni a kan allon kwamfuta.

"Ƙara nawa. Ƙara. Rage na Baba kaɗan, ya tare mani kafaɗa."

Faruku ya ce, "Malam Mudi, waƙar tasa ce."

"Shi za a ji, ni za a gani. Mun raba daidai."

Da aka gama, Mudi ya cika takardar tun daga sama har ƙasa, Jafaru kuwa yana can ƙurya kamar kan sarki a jikin wasiƙa, ganga ta rufe masa rabin fuska. A ƙasa aka rubuta da manyan baƙaƙe: SHIRYAWA DA TSARAWA, MUDI. Aka buga, aka yayyanke su zagaye-zagaye daidai faɗin faifai.

Gam ya yi masa tsada, sai ya dama sitacin rogo a bokiti, ya zuba sukari gwangwani biyu, wai ya fi kamawa. Ya shimfiɗa tabarma a ƙofar shago ya fara liƙi. Ya duba faifan, gefe ɗaya akwai sunan Jafaru da mutanen Gusau suka rubuta da alƙalami, ɗaya gefen kuwa fes, yana ƙyalli, ba komai a kansa. Mudi ya ga asarar fili ce. Ya shafa sitaci a gefen mai ƙyalli ya manna hotonsa.

Ya yi wajen talatin Faruku ya fito shan iska ya gani. Ya tsaya cak.

"Malam Mudi, nan ne na'ura take karantawa."

"Faruku, shekarunka nawa lokacin da nif fara sayar da kaset?"

"Wannan ba kaset ba ne."

"Kaset gefe nawa gare shi? Biyu. Akwai A, akwai B. Faifai ƙanen kaset na, gida ɗaya sunka fito. In na rufe A, B na nan."

"Ka gwada ɗaya a mota kafin ka ci gaba."

"Mai shakka shi ka gwaji. Koma ka buga ma ɗalibai takardunsu."

Faruku ya koma ciki. Maimunatu ta ce masa ta taga, "Bar shi, ka yi naka. Allah na gani."

Mudi ya liƙe su duka, ya shanya a tabarma, ya shiga shago tura wa wani waƙa. Da ya fito awaki uku na kan tabarmar, sun lashe masa fuska a faifai goma sha ɗaya, ɗaya tana tauna tabarau ɗinsa na takarda. Ya bi su da takalmi har bakin titin jirgi, yana dawowa ya ce ai ko dabba ta san abu mai kyau. Sauran ba su gama bushewa ba ya tattara su a buhu, don lokaci ya ƙure.

Washegari ya ɗaure buhun a bayan babur ya nufi Zurmi, wurin Tasalla, tsohuwar da matan unguwa ke taruwa a gidanta saƙar kaba. Ya yi sallama, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya zazzage bayani. Ƙananan faifai yake so, bibbiyu, a sa na waƙa a tsakiya, a ɗinke baki kewaye, kada ko ƙura ta sami hanya.

Tasalla ta juya faifan waƙar a hannunta, sitaci ya manne mata a yatsa, ta goge a zane. "Ɗana, in mun ɗinke kewaye, ta ina za a fid da shi?"

"Inna, kayan Turai duk haka sukan zo, a rufe. Shi aka kira sabo dal."

"Na Turai na ji ana ɓarewa. Kaba in ta ɗinku ba ta ɓaruwa."

"Ke dai ɗinka. Ki bi ta ramin tsakiya ma ki ɗaure, kada shi yi motsi."

"Mu bar ɗan baki ko awa na aljihu?"

"Inna, saƙa taki ta, tsari nau na."

Tasalla ta dube shi daga hula har takalmi, ta ce to, ta kira mata. Ɗinki kuwa suka yi shi da gaskiya, irin wanda ake yi wa abin da za a gada.

Yana fitowa ya yi kiciɓis da Jafaru, wanda ya ji labarin zuwansa ya biyo sawu da sanda. Dattijon ya roƙa a nuna masa ko guda ɗaya.

"Sai ranar, Baba. So nika kai ma ka sha mamaki."

Jafaru ya taɓa maƙogwaronsa. "Mudi, muryar ga ba ta kai wata damina. Ina jin ta tana tafiya. Abin da ke cikin faifan nan shi na za ni bar ma jikokina, ba ni da gona, ba ni da sa. Ka riƙa mani shi da kyau."

"Kada ka damu," in ji Mudi, yana duba fuskarsa a madubin babur. "Ranar nan sai an ɗauke mu a hoto."

Ranar kasuwar Shinkafi aka kafa rumfa a filin da ke bayan 'yan hatsi. An jera kujeru, an kawo janareta da manyan lasifika, da wani Sadiƙ mai kayan sauti da na'urarsa ta faifai. Manoma sun zo daga Zurmi, daga Jangeru, har da Fulanin da suka kawo dabbobi suka tsaya daga gefe da sandunansu. Maimunatu ma ta rufe tanda ta biyo mota, ta ce wannan ba ta yarda a ba ta labari ba. Jafaru yana zaune a gaba cikin sabuwar riga fara, gangarsa a gefen ƙafa. Alhaji Abbati ya iso da babbar riga shuɗiya mai aiki har gwiwa, aka zaunar da shi a kujerar tsakiya.

Buhunan da ya kwaso daga wurin Tasalla sun kwana uku a ƙasan shagon Mudi. Ya zazzage su a kan tebur, suka yi tsibi, ja da kore da ruwan ɗorawa. Gaskiya sun yi kyau, mata suka fara miƙa wuya. Tun kafin mai gabatarwa ya gama salati Mudi ya karɓe makirufo.

Ya yi magana ta kusan rabin awa. Ya zagi gidan roba, ya zagi ambulan, ya zagi leda. Ya ce daga yau duk mawaƙin da ke son riga sai ya biyo layi a Ƙaura. Ya ambaci Legas sau tara, Jafaru sau ɗaya, shi ma sai da aka tuna masa. Sannan ya zaɓo mafi kyau a tsibin, ya durƙusa ya miƙa wa Alhaji da hannu biyu.

"Ranka shi daɗe, a buɗe da bismilla."

Alhaji ya yi bismilla ya juya abin yana neman baki. Ya kewaya da yatsa sau ɗaya, sau biyu. Ya sa farce. Ya ɗago ya dubi Mudi.

"Ina ƙofar?"

"A ɗan ja, ranka shi daɗe. Sabo na."

Alhaji ya ja har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ciro makullin mota ya zura, makulli ya lanƙwashe. Wani daga baya ya ce a gwada haƙori, aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Alhaji bai yi dariyar ba.

Maimunatu ta ce daga layin mata, ba ta ko ɗaga murya ba, "A kira mahauci."

Aka kuwa kira shi. Mai tsiren bakin fili ya zo da wuƙarsa yana goge ta a gaban riga, ya danne abin a kan tebur ya tsarga. Kaba ta rabu, faifan ciki ma ya rabu. Aka ba shi na biyu, ya bi a hankali kamar mai fiɗar ɗan akuya, ya yanke zaren tsakiya, ya miƙa wa Alhaji. Alhaji ya buɗe a kan cinyarsa.

Kiyashi ne suka fara fitowa. Kwana uku suna cikin sitaci da sukari, sun yi gari, sun hayayyafa. Suka bazu a kan shuɗiyar riga, suka bi aikin wuya, suka shige hannu. Alhaji Abbati, mutumin da ba a taɓa ganin ya yi sauri ba ko a gobara, ya miƙe zumbur yana kakkaɓe jiki, mutum biyu suna taya shi da hula. Da ƙura ta lafa ya ɗaga faifan da yatsu biyu ya duba. Fuskar Mudi ce da tabarau, ta yi funfuna kore a kumatu.

"Wane na wanga?"

"Ni na, ranka shi daɗe. Baba Jafaru na nan ƙasa, in an duba da kyau."

Alhaji ya duba da kyau, ya kai kusa da ido, ya nisanta. Ya miƙa wa Sadiƙ. "Sa muna mu ji. Waƙa munka zo ji."

Sadiƙ ya karɓa, ya juya, ya dubi Mudi. "Malam, ai an liƙe wurin waƙar."

"Juya B."

"Faifai ba ya da B."

"Naka na ba ya da shi. Sa."

Sadiƙ ya ɗaga kafaɗa ya saka yadda aka ce. Na'ura ta yi shiru, ta rubuta babu faifai. Mudi ya ture shi gefe, ya ce yaran yanzu ba su iya komai ba, ya juya faifan ya danna da ƙarfi. Na'urar ta haɗiye, ta yi ƙara kamar injin niƙa ya ci dutse, lasifika suka kwashe ƙarar suka watsa wa kasuwa har raƙuman da ke can nesa suka ɗago kai. Sannan ta tsaya. Sadiƙ ya danna ta buɗe, ta ƙi. Takarda da sitaci sun naɗe mata ciki.

Aka feɗe na uku, aka feɗe na huɗu, aka kai motar Alhaji aka gwada, aka kai wata motar haya. Ko tari babu wanda ya yi. Faruku bai zo ba, amma Maimunatu ta tsaya ta faɗa wa duk wanda ke kusa abin da ya ce da ranar da ya faɗa.

Mudi ya koma kan makirufo yana cewa matsalar wutar janareta ce, a Legas wuta ba ta rawa haka. Sadiƙ ya zare wayar, bakinsa ya ci gaba da motsi ba mai ji.

Duk wannan abin Jafaru bai motsa ba. Yana zaune ya ɗora hannu biyu a gwiwa yana kallon tsibin da ke kan tebur, sansa ke nan da muryarsa. Mutanen Zurmi da suka rako shi suka sunkuyar da kai. Dariyar ma ta mutu, don kowa ya ga fuskar dattijon. Can ya sunkuya ya ɗauki gangarsa ya rataya. Ya buga sau uku, a hankali, irin bugun da ake tayar da gayya da shi. Bai nemi makirufo ba. Muryar ta fito da ɗan kaushi, amma ta kai ƙarshen fili.

"Na kai ɗiyata wurin tela,
Yaɗ ɗinke riga da ita ciki.
Na ba da sa, an ba ni kiyashi,
Mudi, ina ƙofa?"

Manoma suka amsa gaba ɗaya kamar sun shekara suna koyo, "Mudi, ina ƙofa?"

Jafaru ya ci gaba. Ya sa gwangwani a ciki, ya sa almakashi, ya sa awaki, don Maimunatu na gefensa tana miƙo masa labari baiti-baiti. Ya sa gefen B. Wayoyi suka tashi sama ko'ina ana ɗauka. Fulani suka matso suna buga sanda a ƙasa. Alhaji Abbati, yana sosa ƙeya har yanzu, ya yi dariya har ya zauna. Da waƙar ta ƙare ya kama hannun Jafaru ya ce gobe zai aika Gusau a sake zubo faifan duka, tunda muryar tana can a ajiye wurinsu.

"A sa su cikin mi, ranka shi daɗe?" in ji wani.

"Ambulan," in ji Alhaji. "Fari, marar hoto."

Tsibin da ke kan tebur kuwa ya ce matan wurin su kwashe. Kafin ka ce wani abu tebur ya zama wayam.

Mudi bai tsaya sallama ba. Ya zagaya ta bayan 'yan awaki ya fita tasha, ya cire tabarau ya tura aljihu, ya jawo hula har gira, ya shige kujerar baya ta wata ƙaramar mota mai zuwa Ƙaura. Aka matse shi tsakanin ƙofa da wata tsohuwa mai ƙullin kaya a cinya. Ba a fita gari ba wani fasinja a gaba ya kunna wayarsa, sai ga ganga, sai ga amshi. Direba ya ce a ƙara sauti. Aka ji ta sau biyu kafin a kai gadar farko.

Direba ya share hawayen dariya ya ce, "Wai don Allah akwai wanda ya san Mudin nan?"

Fasinjoji suka girgiza kai. Mudi ya yi niyyar ya bar tambayar ta wuce, amma bakinsa bai saba ba.

"Na san shi," ya ce, ya ɗan canja murya. "Mutum na mai basira ƙwarai. Ƙasar ce ba ta kai inda ya kai ba."

Tsohuwar ta juyo da murna. "Ka san shi, ɗana? To don Allah in ka gan shi ka ce mai na gode." Ta kwance ƙullinta ta nuna masa ƙananan faifan kaba shida, ta warware ɗinkin tsaf. "Dubi saƙa. Daidai bakin kofi, daidai bakin kwanon yaji. Abu ɗaya ya ɓata su, wata roba mai hoton wani mummunan mutum da anka tura ciki. Na zubar can bakin kwata. Ka ce mai in zai sake, shi bar sa ta."

Mudi ya dubi faifan, ya dubi taga. Gonakin gero suna wucewa.

"Za ni faɗa mai," ya ce.

Aka yi tafiya mai ɗan nisa, waya tana ta waƙa. Can Mudi ya gyara zama, ya ɗan karkato wajen tsohuwar, ya rage murya.

"Inna, da za a yi masu hannu, a liƙa madubi tsakiya, kina ganin mata za su saye? Don akwai wani tsari da nika tunani."

Tsohuwar ta dube shi da kyau a karon farko. Ta dubi hancin, ta dubi kumatun. Ta tattara faifanta a hankali ta ɗaure, ta mayar da ƙullin ɗaya gefen, nesa da shi.

"Direba," ta ce, "ƙara muna sautin nan."